Madallar da Na Riƙa Faɗa wa Iska

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Uwata Ramatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki Damagaram kamar yadda kika bar Yamai, ba ciwo ba ɓacin rai. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya, da na direba mai gaggawa, da na abokin kujera mai surutu. Na ba mamanki takardar ta sa miki can ƙasan jaka, ƙarƙashin kilishi, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kilishin ya ƙare. Kafin nan kin yi nisan da ba sai na haɗa ido da ke ba.

Labarin gida ba sai na ba ki ba, yadda kika bar shi haka yake. Zafi yana nan, kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana komawa, sojoji suna kan kujera kamar yadda suke sa'ad da nake da shekarunki, ruwan sama kuma ya yi mana alkawari bai cika ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu daban ne.

Kin roƙe ni abu ɗaya kafin ki tafi. Kin ce tunda aikin da aka ɗauke ki shi ne shirya darussa ta intanet, waɗanda malaman lakol, wato makarantun boko, na ƙauyuka za su riƙa bi a wayoyinsu, kina so ki buɗe darasin farko da muryata. Kin tono tsohon kaset ɗin nan nawa daga cikin akwati, kika ce, "Baba, bari su ji cewa tun kafin a haife ni gidanmu yake koyarwa daga nesa." Na karɓe shi daga hannunki na ce za mu gani. Kin yi fushi, na lura, ko da yake kin ɓoye shi a bayan wanke-wanke. Kin ɗauka rowa ce. Ba rowa ba ce, Uwata, kunya ce. Ba na so ki ɗora aikinki a kan muryar nan ba tare da kin san abin da ta aikata ba. In kin karanta har ƙarshe, sai ki yanke hukunci da kanki.

Da na yi niyyar in tafi da maganar kabari. Abin da ya hana ni shi ne ranar da kika zaunar da ni gaban ordinater ɗinki, kwamfutar nan, don in gwada darasin. Tambaya ta fito, na taɓa amsa, sai muryarki ta fito daga cikin na'urar tana cewa, "Madalla, ka yi ƙoƙari!" Na sake, da gangan na taɓa amsar da ko jaki ba zai zaɓa ba. Muryarki ta ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari, sake gwadawa!" Na ce, "Wa ya yi ƙoƙarin?" Kika yi dariya kika ce, "Baba, ai atomatik ne." Sannan na hango a wayarki saƙonnin murya jere, na malaman da kika ba darasin gwaji, ba a buɗe ko ɗaya ba. Kika ce za ki saurara in kin isa kin huta. Mamanki ta yi ta tambayata me ya hana ni cin tuwo ran nan. Na ce mata haƙori ne.

Bari in faro daga farko, kin san ba na iya bin gajeriyar hanya.

Mai sunanki, mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ita ta fara koya mini yadda ake magana da mutane. In mun ci tuwo muka kewaye ta, takan ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ta yi shiru. Ba ta ƙara ko kalma sai kowa ya amsa. In ta ji murya ɗaya ta yi ƙaranci, sai ta kira sunan mai ita: "Kai, Habu, bakinka ya tafi kiwo ne?" A tsakiyar tatsuniya kuma takan tsaya ta ce, "To, da ku ne dilan nan, me za ku ce wa kura?" Ta jira. In amsar wauta muka bayar, ta bi da labarin ta hanyar wautarmu har mu ga inda za ta kai mu, cikin cikin kura. Tatsuniya ɗaya ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu a bakinta ba, don mu ma ba ma zuwa iri ɗaya.

Da wannan aka raine ni, amma ina shiga ɗakin ɗaukar murya na ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmana.

Ina mushe, wato malami, a wata lakol aka kira ni biro, ofishin darussan manya ta rediyo, don an ce ina da murya. Yadda aikin yake shi ne, a kowane ƙauyen da ya shiga tsarin akwai ƙungiyar masu sauraro, an ba su rediyo mai kaset, an naɗa mutum ɗaya ya riƙe ta. In lokacin darasi ya yi su taru gindin itace su saurara: karatu da lissafi, kiwon lafiya, noma. In an gama su tattauna, mai riƙe da rediyon ya ɗauki tambayoyinsu a kaset ya ba direban kamyon kasuwa, babbar motar kaya, ya kawo mana Yamai. Mu kuma mu saurara, mu amsa a darasi na gaba. Tsari ne mai kyau. Ko naku na yanzu bai fi shi ba, sai dai sauri.

Ina zaune a ɗakin haya a Kalley lokacin, sabon aure, ga ɗan babur mobilet, ga rigar da ake gogewa. Kuskurena na farko ƙarami ne, har dariya yake ba ni. Na ƙaunaci muryata. In na zauna gaban mikro ba manomin da ke gindin itace nake gani ba, darakta nake gani ta bayan gilashi, shi nake so ya gyaɗa kai. Sai in ja darasi ya yi tsawo, in cusa abu biyar inda ɗaya ya isa, in yayyafa Faransanci don a san na yi karatu. Mai kula da na'urarmu wani Bazabarme ne, Saini, abokina har ya rasu. Yakan cire abin kunnensa ya ce, "Mushe, ni da ake biya in saurare ka ma na yi barci. Kala suru, haƙuri dai, ka rage." In ce masa Hausa ce ba ya ji. Ya ce, "Hausar nake ji, kai ne ba na ji."

To ke ma akwai gilashi a gabanki, ko ba ki gan shi ba: shugabanninki da waɗanda suka kawo aikin. Kada ki shirya darasi don su. Ki zaɓi malama ɗaya da kika sani da ido, wadda wayarta ta tsage, reso, wato sabis, ba ya kama ta sai ta hau tudu, ta koyar tun safe, ga yaro a baya. Da ita za ki yi magana. Abu ɗaya a darasi ɗaya, gajere yadda za ta gama kafin tukunya ta tafasa. Kafin ki saki darasi, ki gwada shi a irin wayarta, a irin wurinta, ba a ordinater ɗinki ƙarƙashin fanka ba.

Kuskure na biyu shi ne madallar. A cikin kowane darasi akwai inda nake yin tambaya, Saini ya ɗaga hannu, in yi shiru don mutanen ƙauye su amsa, ya sauke hannu, in ce, "Madalla! Kun amsa daidai." Ba wanda ya amsa mini komai, bango ne a gabana, an lulluɓe shi da katifa. Da farko abin yana ba ni nauyi. Daga baya na gwanance, har ina sa 'yar dariya a ciki kamar wani ya ba ni mamaki. Shirun kuma na riƙa gajarta shi, don ba na son jin ɗaki ba muryata. Saini ya ce, "Mushe, ko tsohuwa ba ta gama gyara zama ba ka ce madalla." Na ce lokacin rediyo tsada gare shi.

Sai fari ya zo. Ba babban nan na farko ba, wanda ya biyo bayansa, sojoji suna riƙe da ƙasa. Damina ta fara ta tsaya, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Mu a biro mun riga mun ɗauki darussan watanni tun kafin shuka, don darakta yana son ya ga kwali cike da kaset. Saboda haka mutane suna tonon gidan tururuwa suna jiƙa anza don ɗacinta ya fita, ni kuwa ina rediyo ina koya musu yadda ake kare rumbu daga ƙwari. Ina tambaya, "Me za ku yi in hatsi ya yi muku yawa?" In yi shiru. In ce, "Madalla!"

Kada ki cika kwali, Uwata. Na ji kina alfahari cewa za ki gama ɗaukar darussan shekara kafin a buɗe lakol. Ki ɗauki kaɗan, ki saki, ki ji abin da ya dawo, sannan ki ɗauki na gaba. Darasin da aka gama shi tun kafin a san halin mai karɓa, ba shi da kunne.

Da aka ga abin ya yi tsanani, sai umarni ya zo daga sama a koyar da noman rani. Kalmar yunwa kuwa ba a so a ji ta, an ce tana karya zuciyar jama'a. Akwai wani hafsa da yake zuwa ya saurari abin da muka ɗauka kafin a watsa. Bai taɓa yi mini tsawa ba, gaskiya. Zama kawai yake yi, hularsa a kan gwiwa. Ni da kaina nake cire abin da nake zaton ba zai so ba, har da abin da watakila bai dame shi ba. Na shirya darasin ban-ruwa, kuma don ya yi armashi na ɗauki Saini a mobilet muka tafi Tondibia bakin kogi. Na naɗe wando na shiga ina ɗibar ruwa da ƙwarya ina zubarwa, shi yana riƙe da mikro. Muka sa ƙarar ruwan a bayan muryata. Darakta ya yaba ƙwarai. Aka watsa shi zuwa ƙauyukan da mata ke kwana a bakin rijiya suna jiran ta tara abin da zai cika tulu.

Ki duba hotunan da kike sawa a darasinki. Na ga wani aji mai tebur da allo fari da yara kowa da littafi. Malamin da zai kalle shi a rumfar zana yake koyarwa. Ba zai ce miki komai ba, zai dai gane cewa ba da shi ake ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Kaset ɗin ƙauyuka suna ta zuwa. Da, nakan saurari wasu in bar wasu. Da fari ya kama, sai na daina gaba ɗaya. Sababbin kaset sun yanke mana, ba a kawowa, sai na ce wa Saini mu riƙa ɗaukar sababbin darussa a kan waɗanda suka zo daga ƙauye. Ya dube ni ya ce, "Ka ji abin da ke ciki?" Na ce, "Gaisuwa ce da godiya, kullum ita ce." Ya ce, "To." Ya danna. Muryata ta hau kan tasu ta shafe.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ƙarancin kaset ne. Ƙarya ce. Na san abin da mai yunwa zai faɗa in an ba shi mikro. In na ji, dole in ɗauka in kai wa darakta, shi kuma ya dubi hafsan nan, ni kuma a fara tambayar ɗan wane ne ni. In ban ji ba, ba ni da laifi. Na zaɓi kada in ji.

Wata ranar Lahadi na tafi duba filin da aka yanka mini a gefen Lazaret, inda gidanmu yake yanzu, inda aka haife ki. Lokacin daji ne. Na tarar da mutane sun kafa bukkoki na tsumma da kwali a wurin, waɗanda fari ya koro. Na yi sallama, na tambayi wani mutum dogo ko ya ga turakun da aka kafa. Sai ya ce, "Sake faɗi." Na sake. Ya dafe kai ya juya yana kira, "Ku fito! Wallahi Mushe ne! Mushe na rediyo!"

Da zagina suka yi, da na fi samun sauƙi. Murna suka yi. Aka shimfiɗa mini tabarma ɗaya da ta rage da mutunci. Wata tsohuwa ta matso tana leƙa fuskata ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne! Ni na ɗauka mai tumbi ne." Aka yi dariya. Ta ce, "Ɗana, faɗi abin nan naka mu ji." Na ce wanne? Ta ce, "Wanda kake faɗa in mun yi shiru." Na faɗa, Uwata. Na zauna a tsakiyar mutanen da ƙasusuwansu suka fito, na ce madalla, suka tafa.

Dogon nan sunansa Isufu, shi ke riƙe da rediyon ƙauyensu, can bayan Filinge. Ya shiga bukka ya fito da ita a naɗe cikin zane, ba pil, wato batir, amma ko ƙura babu a jikinta. Ya ce kayan gwamnati ne, amana ce, shi ya sa bai bar ta ba. Sannan ya rage murya.

"Mushe, kaset ɗinmu ya iso kuwa?"

Na ce, "Ya iso."

"Ka ji shi?"

Na ce, "Na ji."

"To, mun yi ta jira."

Na fara 'yan kame-kame, ina cewa ai abin yana hannun manya, irin wannan magana ba ta sauri. Ya bar ni na yi ta zuba har na ƙare. Ya dube ni ba fushi, kamar yadda ake duban yaron da ya ɓoye hannu a baya, ya ce, "Mushe, ba ka ji ba."

Shi ya gaya mini abin da ke ciki. An yi ta raɗe-raɗin cewa kamyon hatsi zai zo ɓangarensu. Gari ya rabu biyu: wasu sun ce a kora dabbobi kudu tun suna iya tafiya, wasu sun ce a jira. Sai aka ce, ai muna da Mushe a Yamai, kusa da manya yake, ba zai ɓoye mana ba. Suka taru suka yi mini tambaya ɗaya: mu zauna ko mu tashi? Suka ba direba. Daga nan ba sa kunna rediyo sai lokacin darasina, don pil ya kai su. Duk mako su taru. In yi tambayata, in yi shiru, su dubi juna, in ce madalla. Ranar da suka ji ƙarar ruwan nan, wani dattijo ya ce su ƙara haƙuri, mutumin da ke wasa da ruwa haka bai ga abin tsoro ba. Suka ƙara. Sa'ad da suka tashi, shanun ba sa iya miƙewa. Ya ce akwai mutanen da suka taso tare ba su iso ba. Ban tambayi sunayensu ba, shi ma bai faɗa ba.

Na ce masa, "Isufu, ko na ji, ni ban san ko kamyon zai zo ba."

Ya ce, "Da ka ce haka, ai da mun tashi."

Wannan maganar ita ce duk abin da nake da shi na ba ki. Ba ilimi suka rasa daga gare ni ba, ba ni da shi. Kalma uku suka rasa: ban sani ba. Wanda yake nesa ba ya ganin fuskarki, ba ya ganin kin shagala ko kin tsorata. In kika yi shiru, zai cika shirun da abin da yake fata, ya zauna a kai. Saboda haka ki gaya wa ɗalibanki tun ranar farko wa zai amsa musu, kuma yaushe. In ranar ta zo ba ki da amsa, ki ce ba ki da ita. Kada ki karɓi mutanen da suka fi ƙarfin kunnenki, ko da shugabanninki suna son adadi mai yawa su nuna. In wani ya ɓace daga darasi, kada ki ce malalaci ne, ki kira shi. Watakila garinsu ne ya tashi. In kuma suka faɗi abin da manya ba sa son ji, albashi ne bai zo ba, ko lakol ce aka rufe don tsoro, ki saurara har ƙarshe. Ko ba ki iya kai shi ko'ina ba, ki ce musu kin ji, kuma ba ki iya ba.

Kada ki zaci daga ranar na zama jarumi. Washegari na koma wurinsu da tsaraba. Kin san me na kai? Pil. Na tsaya a kanti na yi tunani iya tunanina, abin da na ga ya dace da mai yunwa shi ne abin da zai sa ya ci gaba da jin muryata. Mamanki ta ga ƙunshin ta ce, "Malam, pil ɗin za su dafa ko jiƙa shi za su yi?" Ita ta auna daga ɗan abin da muke da shi, ta dafa, ta ɗora a kai ta bi ni. Ta yi ta yin haka har aka kwashe su a kamyo aka mayar da su gida. Ban sake ganin Isufu ba. Na gina gida a inda bukkarsa take, ina zaton wajen da kike shanya.

A biro na daina shafe kaset. Na saurari duk wanda ya zo, wasu na kai wa darakta, ya ce in ajiye, na ajiye. Iyakar ƙarfin halina ke nan. Abu ɗaya na canza da kaina: na bar cewa madalla. In na yi tambaya na yi shiru, sai in ce, "Ban ji amsarku ba, ina nan nesa. Ku aiko mini." Darakta ya ce darasin ya rage daɗi. Saini kuwa ya riƙa barin hannunsa a sama har sai ya gaji, yana kallona yana murmushi.

Ban ce ki cire na'urarki mai amsawa ba, na san mutum ɗaya ba zai iya duba kowace amsa ba. Amma ki sa ta faɗi gaskiya. In an yi daidai ta ce daidai ne, in an yi kuskure ta nuna inda yake. Yabo kuwa ki riƙe shi a bakinki, ki ba wanda kika ji da kunnenki, ki haɗa da sunansa, yadda mai sunanki take yi.

Kaset ɗin da kika roƙa yana cikin jakar, a naɗe cikin hulata. Darasin ban-ruwa ne, na Tondibia. Ke kullum in kiɗan rufewa ya taso sai ki kashe. Wannan karon ki bar shi ya ci gaba. Darasina bai kai ƙarshen zaren ba, saboda haka akwai ɗan abin da bai shafu ba. Za ki ji iska, da kukan akuya, da muryar wani namiji yana cewa, "To Mushe, mu dai muna nan, muna saurare." Ban san ko Isufu ne ba. Ban san ko wane ƙauye ne ba. Ƙauyukan suna da yawa, kuma duk haka na yi musu.

In bayan kin ji har yanzu kina son muryata a darasinki, na yarda, amma ba waccan ba. Ki kira ni in yi sabuwa. Zan gaishe su, in gaya musu ni tsohon mushe ne da ya taɓa koyar da mutane bai saurare su ba, in tambaye su abin da ya fi damunsu a aji. Amsoshin ki turo mini. Ba ni da aiki yanzu sai jiran kuran, zan saurari kowanne, kuma zan amsa, ko da ban sani ba ce amsar. In kuma kin ga muryar ba ta cancanta ba, ba zan ce kin yi laifi ba. Sai dai kafin ki yanke, kafin ma ki kwance kaya, ki buɗe saƙonnin nan da ke wayarki.

Allah Ya tsare ki a inda ba ma ganinki. Ya haɗa ki da maƙwabta na gari da mai gida mai haƙuri, Ya kare ki daga zazzaɓi da sharrin dare da na rana. Ya ba ki kunne kafin baki. Ya saukar mana da ruwa mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda ba su iso ba. Mamanki tana gaishe ki, ta ce kada ki sha ruwan tasha.

Na yi tambayata, Uwata. Hannun Saini yana sama. Ba zan ce komai ba sai na ji muryarki.

Mahaifinki,
Habu
Lazaret, Yamai